Yaran da ke Ƙera Injuna a Zaure: Wa Zai Rubuta Musu Littafi?

Hausawa sun ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Wannan magana gaskiya ce a sha'anin zaman duniya, amma akwai wuri guda inda al'amarin yake juyawa, watau bakin juji. Idan babba ya dubi mataccen rediyo mai kaset, ko tsohuwar fanka, ko batirin kwamfuta da aka jefar, ba ya ganin kome sai shara, iyakarta a auna wa ɗan gwangwan a karɓi 'yan kuɗin goro. Yaro kuwa yana hango ƙaramin inji mai juyawa a cikin rediyon, da wayar tagulla a cikin fankar, da sauran wuta a cikin batirin, har ma yana hango abin da za su zama in an haɗa su wuri guda.

Duk wanda ya zaga unguwannin Gusau, kamar Tudun Wada ko Sabon Gari ko Samaru, ko ya sauka Tsafe ko Bungudu ya ɗan jima, da wuya ya rasa cin karo da irin waɗannan yara. Za a tarar da ɗayansu a zaure, ya baje kwali da gwangwani da guntayen waya, yana haɗa katafila wadda ke miƙa hannu ta kwashi ƙasa ta hanyar sirinjin allura da robar ƙarin ruwa. Wani yana haɗa fanka mai caji saboda zafin bazara. Wani kuma ya ɗauko Dala ba gammo, yana son ya yi mutum-mutumin da zai ɗaga hannu ya gaisa da jama'a. Ba su da malami, ba su da littafi. Abin da suka dogara da shi shi ne ido da naci, da ɗan abin da suka tsinta a YouTube ranar da aka yi sa'ar samun aron waya.

Jama'a kan karɓi waɗannan yara ta fuska biyu, kuma duka biyun ba su da amfani gare su. Ta farko ita ce ta gida, inda ake ɗaukar aikin a matsayin shiririta. Uwa na ƙorafin an cika mata tsakar gida da tarkace, uba na ganin yaro ya bar karatu, ko ya bar gona, ya koma yawon bola. Sau da yawa ƙarshen aikin wata uku shi ne a tattara shi ranar shara a watsar. Ta biyun kuwa ta fi daɗin ji, amma ita ce ta fi lahani. Ita ce ranar da wani ya ɗauki hoton abin ya sa a Facebook ko TikTok, aka yi ta yayatawa, ana sa albarka, ana cewa ga wanda zai fitar da Arewa kunya. In an ci sa'a wani babban mutum ya kira yaron, a ɗauki hoto tare, a ba shi ambulan. Bayan mako biyu ƙura ta lafa, yaro ya koma zaurensa da ilmin da yake da shi jiya, sai dai yanzu an ƙara masa da wani abu mai nauyi, watau zaton ya riga ya iya. Tafi ba ya koyar da lissafi. Wanda aka watsar wa kaya ya san yana da sauran aiki. Wanda aka tafa wa kuwa an rufe masa ƙofar tambaya.

Kafin a ci gaba, ya kamata a kau da wani kuskure, na masu cewa wannan ɗabi'a baƙuwa ce, wayar hannu ce ta kawo ta. Ba haka ba ne. Tun kafin a san lantarki a karkara, ɗan Bahaushe ke yin motar kara bayan girbi, yana fere ɓawon karan dawa yana soka shi cikin tsokarsa, har ya fitar da ƙafafu da kujeru da sitiyari mai tsawo wanda zai riƙe yana tafe. Daga baya aka samu motar gwangwani da ta langa-langa. Shi kansa langa-langan nan yana da tarihi a Gusau, domin shi ne siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar kaya da shi, Gusau kuwa garin auduga ne da gyaɗa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya jawo kamfanonin ciniki da injin gurzar auduga, daga baya aka samu masaƙar Zamfara da matatsar man gyaɗa. Yaran da suka tashi a wancan zamani sun tashi suna jin ƙugin injuna, suna da yayye da kawunai masu shiga cikinsu da sufana a hannu. Yau yawancin waɗannan masana'antu sun yi shiru, jirgin ma ya zama labari. Yaron yau ya gaji sha'awar, amma bai gaji wurin da zai je ya ga babban inji a buɗe ba.

In aka ƙara komawa baya, sai a iske maƙera. Maƙerin da ya haƙo tama ya narka ta, ya zauna gaban uwar maƙera da masaba da awartaki, yaronsa na kaɗa zugazugi, ya fitar da garma da hauya da lauje daidai da irin ƙasar da za a noma, shi ne kakan waɗannan yara a sana'a ko da ba jini ɗaya ba. Bambancin kawai shi ne ɗan maƙeri yana da ubangida, yana da sunan kowane abu da yake taɓawa cikin harshen da ya sha a nono. Ko a duniyar Musulmi ma abin ba sabo ba ne. A Bagadaza, cikin ƙarni na 9, 'yan'uwan nan uku da ake kira Banu Musa sun rubuta littafin dabarun na'urori. A shekarar 1206 kuma Isma'il al-Jazari ya kammala nasa littafin, inda ya bayyana na'urori hamsin, har da agogon giwa mai aiki da ruwa da injunan ɗebo ruwa daga kogi. Abin lura game da al-Jazari shi ne bai tsaya ga ƙerawa ba, sai da ya zana kowace na'ura, ya faɗi yadda za a haɗa ta, cikin harshen da masu karatunsa ke ji. Shi ya sa bayan shekaru ɗari takwas har yanzu ana iya ɗaukar littafin a sake ƙera agogon.

To, ina waɗannan yara kan ƙare? Misalan da aka fi sani daga Kano suke. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fizis a Jami'ar Bayero, wanda ya shafe wata takwas yana ƙera jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da na babur, da injin Honda Civic, da wasu ɓaraguzan wani jirgin sama da ya taɓa faɗuwa kusa da Kano. Da kuɗin gyaran waya da kwamfuta ya yi aikin. Jirgin ya tashi 'yan lokuta, amma bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. A 2022 kuma aka ga Isah Auwal Barde, yana ɗan shekara 17, da mutum-mutumin da ya kwashe shekara biyu yana haɗawa da kwali da bututu da wayar tagulla, wanda ke kwaikwayon motsin hannun mai sarrafa shi. Babu mai hankalin da zai raina wannan ƙoƙari. Amma ƙafa bakwai ɗin nan tana da abin da take faɗi. Naci da basira suna iya ɗaga ƙarfe daga ƙasa. Abin da zai riƙe shi a sama ya kai shi wani gari ya sauke shi lafiya kuwa lissafi ne, na nauyi da iska da ƙarfin ƙarfe, kuma wannan ba a tsintarsa a juji.

A gwada da wasu mutum biyu. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, bai ƙera jirgi ba. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin ke tashi cikin iska, sai ya riƙa janye zafi daga tukunyar ciki, gauta da tumatir da alayyafo su daɗe ba su lalace ba. Wannan dabara ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000, ta kuma shiga dubban gidaje. Na biyu shi ne William Kamkwamba na ƙasar Malawi, wanda yunwa da rashin kuɗin makaranta suka zaunar da shi a gida yana ɗan shekara 14. A wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu na ƙauye ya samu littafin kimiyya mai hoton injin iska. Turancinsa bai kai ya karanta shi sosai ba, zane-zanen ya riƙa bi yana tambayar ma'anar kalmomi, har ya haɗa injin da ƙarfen keke da fankar tarakta da bututun roba, ya kunna fitila a ɗakinsu. Mutanen nan biyu sun fara ne daga wata matsala da ke cikin gidansu, kuma kowannensu ya fahimci dalilin da ya sa abinsa ke aiki. Shi Kamkwamba littafi guda ne ya raba shi da sauran yaran da ke tonon juji tare da shi.

A nan ne ya kamata a tsaya a tambayi mene ne ma wannan abu da ake kira mutum-mutumi. Kalmar da Turawa ke amfani da ita ta fito ne daga wani wasan kwaikwayo da Karel Čapek ya rubuta a 1920 cikin harshen Cek, asalinta kuma daga kalmarsu ce ta aikin tilas. Watau su ta fuskar aiki suka dubi abin. Hausa kuwa da ta tashi fassarawa sai ta dubi siffa, ta ɗauko sunan abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Wannan zaɓi ba ƙaramar ɓarna ya yi ba, domin ya sa yaro na zaton sai ya yi kai da hannuwa da ƙafafu kafin a ce ya yi wani abu. Alhali abin da ya raba irin wannan na'ura da sauran injuna abu uku ne: tana jin abin da ke faruwa kewaye da ita, tana yanke hukunci bisa abin da ta ji, sa'an nan ta aikata, ba tare da an tsaya a kanta ba. Gunkin kwali mai ɗaga hannu in an danna maɓalli bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ɗan tsana ne mai batir.

Akwatin ƙyanƙyasar ƙwai kuwa ya cika su, ko da ba shi da fuska. Ƙwan kaza na bukatar zafi wajen digiri 37 da rabi har kwana 21, na zabo kuma ya kan kai mako huɗu, da ɗan laima a cikin iska, da juyawa sau da yawa kowace rana in ban da kwanaki ukun ƙarshe. Idan yaro ya samu tsohon firji, ya sa ƙwan fitila mai zafi, da ɗan ma'aunin da zai kashe fitilar in zafi ya haura ya kunna ta in ya sauka, da ƙaramin inji mai karkata faifan ƙwai bayan 'yan sa'o'i, to ya haɗa na'ura mai ji da hukunci da aiki. Kuma ya haɗa abin da matar aure a Bungudu ko Kwatarkwashi za ta biya kuɗi ta saya, ko ta kawo ƙwanta a ƙyanƙyashe mata. Haka nan mai noman rani a bakin gulbin da ya ratsa Gusau da Bungudu zai yi maraba da famfo mai aiki da hasken rana wanda ke tsayawa da kansa in tanki ya cika. Ƙwaƙwalwar da ake bukata don irin wannan aiki ba ta fi tafin hannu ba. Akwai wadda ake kira Arduino, wadda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005 musamman don ɗalibai waɗanda ba injiniyoyi ba, kuma ana samun kwaikwayonta da araha.

Wani zai ce, ai yaro yaro ne, a bar shi ya yi wasansa, ba dole kowane abu ya zama na sayarwa ba. Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, da zanen motoci na ƙuruciya ya fara. Katafilar sirinji ma ba wasan banza ba ce. Yaron da ya lura cewa in ya tura ruwa daga ƙaramin sirinji zuwa babba ƙarfin turi yana ƙaruwa amma tafiyar tana raguwa, ya gano da hannunsa ƙa'idar da Pascal ya bayyana a Faransa cikin ƙarni na 17, wadda katafilar gaske da birkin mota ke aiki da ita. Abin takaici shi ne babu wanda zai gaya masa cewa abin da ya gani yana da suna, yana da lissafi: in faɗin fuskar babban sirinjin ya ninka na ƙaramin sau huɗu, ƙarfi zai ninka sau huɗu, tafiya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Da ya san haka, da ya auna kafin ya yanka, maimakon ya yi ta gwaji har kayan su ƙare. Ba wasan ake so a hana ba. So ake a sa wa wasan tsani.

Tsanin nan kuwa harshe ne, kuma a nan ne maganar ta faɗo kan sashen Hausa, malamai da ɗalibai. Yaron da ake magana a kansa galibi ɗan makarantar gwamnati ne, ko almajiri, ko wanda ya bar aji ya koma garejin kawunsa. Duk bayanin da yake nema yana nan a duniya kyauta, amma cikin Ingilishi, kuma Ingilishin masana. Yana kallon hoton bidiyo kamar kurma a wurin wa'azi, yana ganin hannu na motsi ba ya jin dalili. Zai kwaikwayi abin da ya gani daidai, amma ranar da abu ya ƙi aiki ba shi da hanyar gano inda cutar take. A je kasuwa a nemi littafin Hausa guda wanda ya bayyana bambancin ƙarfin turin lantarki da yawan gudanarsa, ko dalilin da ya sa ƙaramin inji mai gudu ba ya iya jan kaya sai an haɗa shi da haƙoran giya masu rage gudu su ƙara ƙarfi. Mai nema zai sha yawo.

Ba wai ba a taɓa gwadawa ba. A 1949 Dokta R. M. East da Alhaji Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah, inda suka bayyana al'amuran halitta da kimiyya cikin Hausa mai daɗi wadda ɗan firamare ke ji. Umaru Dembo ya kai yaran Hausa sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya, wanda ya ba nazarin harshe da adabi kalmomin da ake amfani da su a azuzuwan jami'a har gobe. Watau masana Hausa sun yi wa kansu kayan aiki, sun kuwa kyauta. Saura su yi wa maƙwabcinsu.

Abin mamaki, waɗanda suka yi wannan aiki ba tare da kwamiti ko taron ƙara wa juna sani ba su ne direbobi da makanikai. Su ne suka ba Hausa birki da giya da kuloci da totur da salansa da lagireto da boris, suka lanƙwasa baƙin kalmomi har suka zauna daram a bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Wannan darasi ne ga duk mai son ƙirƙirar kalma: a fara zuwa gareji da rumfar mai gyaran waya da ta mai walda a ji abin da suke faɗi, kafin a zauna a ofis a ƙaga wata doguwar kalma wadda ba mai furta ta. Amma aro kaɗai ba ya isa, kuma ga misali. Sunan da Ingilishi ke kiran ɗan injin nan mai juyawa da shi, Hausa ta riga ta are shi tuntuni ta ba abin hawa, watau mota. In aka ce wa yaro ya sa mota a cikin mota, an rikita shi. Irin wannan wuri ne ke bukatar wanda ya san ginin kalma, ya zauna da wanda ya san injin, su fitar da suna. Kalmomin maƙera da masaƙa da magina ma suna nan jibge, da yawa za su iya ɗaukar sabon aiki in an juya su, kamar yadda zugazugi zai iya ba da sunan duk wani abu mai hura iska.

Akwai masu cewa wannan ɓata lokaci ne, tun da Ingilishi shi ne harshen kimiyya, gara a dage a koya wa yara shi. Gwamnatin Tarayya ma ta yi ta kai da komo a kan batun: a 2022 ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a 2025 kuma ta janye. Babu mai musun amfanin Ingilishi ga wanda zai yi nisa. Sai dai gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussa da Yarbanci, ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba, har a Ingilishin kansa. Kuma ko an bar maganar aji, yaron da ke zaure ba ya cikin lissafin kowace manufa. Cewa ya jira sai ya iya Ingilishi daidai yake da cewa ya bari. Wanda ya fahimci abu da harshensa, ranar da ya haɗu da sunansa na Turanci lakabi kawai zai ƙara.

Akwai kuma dalilin da ya fi duk waɗannan gaggawa, kuma Zamfara ta san shi fiye da kowace jiha. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, inda yara fiye da 400 suka rasu. Me ya faru? Mutane sun ɗauki injin niƙa, wanda aka saba niƙa hatsi da shi, suka mai da shi na niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ta fuskar dabara, wannan basira ce irin wadda ake yabo. Amma duwatsun na ɗauke da dalma, ƙurar ta bi tsakar gida da kwanon abinci da hannun masu rarrafe, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cikin harshen da suke ji. Yaron da ke liƙa waya da dalma a rufaffen ɗaki, ko yake fasa batirin mota ya narka abin da ke ciki, yana wasa da dafin nan ne. Ƙananan batiran da ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta kuwa, in aka huda su ko aka cika su fiye da ƙima, suna kamawa da wutar da ke da wuyar kashewa, ga shi a ɗakin da ake kwana. Shafi biyu na gargaɗi cikin Hausa zai iya tsare rai.

Halin tsaro ma ya ƙara wa abin nauyi. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara, a Satumba na shekarar kuma aka rufe layukan waya na tsawon makonni, aka rufe makarantu. A wannan lokaci malamin yaron nan guda ɗaya, watau wayar aro, ya yi ɓatan dabo. Littafi da ke ƙarƙashin matashin kai ba ya ɗaukewa don an kashe na'urar sadarwa. Har ila yau, a ƙasar da ake zaman ɗar-ɗar, saurayin da aka gani da jakar wayoyi da batira, ko yana gwada ƙaramin jirgi marar matuƙi a bayan gari, yana iya shiga tuhumar da bai san hawa ba bai san sauka ba. Yana bukatar ya san abin da doka ta hana, yana kuma bukatar inuwar wata ƙungiya ko makaranta da za ta ce namu ne. Kada kuma a manta hannun da ya iya haɗa injin sussuka shi ne zai iya haɗa bindiga, in mai bindigar ne ya riga kowa zuwa da kuɗi.

Game da gwamnati, ba sai an tsawaita ba. An ga abin da ya faru da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, lokacin da aka sayo kayan koyon fasaha daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu, da yawansu suka ruɓe cikin akwatunansu don ba wuta, ba malami, ba ɗakin sa su. Sayen kaya shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi, shi ya sa aka fi son sa. Makarantun da za su iya aikin kuwa suna nan kusa: Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, da ta Abdu Gusau a Talatar Mafara wadda aka sa wa sunan injiniya ɗan ƙasar, da Kwalejin Ilmi ta Fasaha ta mata a Gusau, da Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013. Ambaton kwalejin mata ya tuno da wani giɓi: kusan duk labarin da ake ji na maza ne, alhali 'yar da ta iya warware keken ɗinki ta mayar ba ta rasa kome ba sai izini.

Kowace shekara ɗaliban Hausa na rubuta kundayen kammala digiri, kuma kowa ya san inda akasarinsu ke dosa: salo a waƙoƙin wane, jigo a littafin wance, karin magana a bakin mata. Ba laifi ba ne, adabi ne gishirin sashen. Amma da za a ware ko da mutum uku cikin kowane aji, a tura ɗaya ya zauna da masu gyaran waya na Gusau wata biyu ya tattaro kalmominsu, ɗaya ya bi maƙera da masu walda na Tsafe, ɗaya kuma ya haɗa kai da wani ɗalibin injiniya su rubuta yadda ake haɗa akwatin ƙyanƙyasa daga farko har ƙarshe, da cikin 'yan shekaru an tara abin da ba a taɓa tarawa ba. Ƙasar 'Yandoto, wadda ɗalibai suka riƙa yi wa tattaki neman ilmi tun kafin jihadi, ba baƙuwar littafi ba ce. Wanda ake bukata yanzu ɗan ƙarami ne, shafi talatin ko arba'in, mai zane a kowane shafi, a buga shi da boko da ajami don almajiri ma ya samu shiga, a karanta shi a rediyo, a sayar da shi kusa da rumfar mai sayar da batir. Sa'an nan a kai wa yaron zauren nan kwafi, a zauna a ga ko zai iya haɗa abin ba tare da ya ɗago kai ya yi tambaya ba. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, a sa alama da jan biro, a koma a gyara.